Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Gwamnan Bauchi: Kafin Mu Sake Neman Gasa, A Raba Tsaraba Da Toshiyar Baki

Mai girma Gwamna, ranka ya daɗe, assalamu alaikum.

Ni tsohon malamin motsa jiki ne, na yi ritaya, yanzu sai zaman majalisa da jin ƙwallo a rediyo. Duk sanda aka ba wata jiha Gasar Wasanni ta Ƙasa, hirarmu ɗaya ce: yaushe Bauchi za ta sake nema? Ba laifin masu tambaya ba ne. Mun karɓe ta a 2000, kuma filin Abubakar Tafawa Ɓalewa ya ga kofin duniya na 'yan ƙasa da shekara 20 a 1999, da na 'yan ƙasa da 17 a 2009. Ni ma ina so mu nema. Roƙona dai, kafin a naɗa kwamitin nema, a rubuta abin da aka haramta masa, a buga kowa ya gani.

Abin da ya fi ba ni tsoro kyauta ce, domin mu ba ma sallamar baƙo hannu Rabbana. Shekarun baya makarantar da nake koyarwa ta yi takarar karɓar guje-guje na shiyya. Masu duba fili suka zo, su uku. Ko kusa da ramin dogon tsalle ba su je ba, ramin da ciyawa ta cinye. Suna ofis suna cin masa, mu kuma muna waje muna cusa galan ɗin zuma da turamen atamfa a bayan motarsu. Ni na riƙe murfin but ɗin, ban ce uffan ba. Muka samu gasar. Ranar tsalle wani yaro ya dira a ramin da babu yashin kirki, ƙafarsa ta gurɗe, a bayana na goya shi zuwa bakin titi. Har yau idan na ga zuma a galan sai na tuna shi.

Manya ma haka suke faɗawa. Birnin Salt Lake na Amurka ya samu wasannin Olamfik na hunturu na 2002, daga baya aka gano masu neman sun biya wa 'ya'yan wasu masu ƙuri'a kuɗin makaranta, wasu kuɗin asibiti. A 1999 kwamitin Olamfik na duniya ya kori wakilansa shida, ya kuma hana wakilai kai ziyara biranen da ke takara, sai 'yan kwamitin tantancewa kaɗai. Namu ma bai tsira ba: a 2010 FIFA ta dakatar da Amos Adamu, ɗan Najeriya a kwamitin zartarwarta, shekara uku kan batun ƙuri'ar karɓar kofin duniya.

Saboda haka, ranka ya daɗe, a yanke iyakar kyauta da lamba, naira kaza, ba "abin da ya dace" ba, don wannan kalmar tana ɗaukar rago har da mota. Hula ɗaya ko littafin hotunan Yankari ya isa tsaraba, kuma a rubuta wanda ya karɓa. Kada a ɗauki nauyin Umarar kowa, kada a samar wa ɗan kowa aiki. Duk ɗan kwamitin da ƙaninsa ko surukinsa ke neman kwangilar fenti ko abincin 'yan wasa, ya faɗa tun farko, ya fita ɗakin in an zo kanta.

Zagin jihohin da muke takara da su kuwa, ko ta bakin 'yan Facebook da aka saya wa data, a hana shi ƙwata-ƙwata. Gobe yaranmu za su kwana a garuruwansu.

Sai batun alkawari. In wurin ninƙaya bai kammalu ba, a ce bai kammalu ba, a faɗi watan gamawa da kuɗinsa. Kada a ari janareto da katifu na kwana biyu don idon masu dubawa. Mun san wannan dabarar, mu muka yi ta a makarantu.

Kuɗin neman kansa a kai shi gaban Majalisar Dokoki, a kuma manna lissafinsa a ƙofar filin wasa, inda magoya bayan Wikki Tourists ke layin tikiti. Zan zo da tabarauna in karanta.

Allah ya ja zamaninka.

Naka,
Tsohon malamin motsa jiki, Bauchi