Barka da Sallah, da amsar maganar agogon Baba

Assalamu alaikum Yaya,

Barkanku da Babbar Sallah, Allah ya karɓi layya, ya maimaita mana. Ina gaida Baba da Inna da duk mutanen gida a Tawa. Mu nan Faransa lafiya lau muke.

Ka tambaye ni wanne ya dace da Baba, tunda likita ya ce ya riƙa tattaki saboda hawan jini: babban agogon nan mai haɗuwa da waya, ko siririyar munduwa mai ƙirga taku. Munduwar za a saya masa.

Abin awon da ke cikinsu kusan iri ɗaya ne. Akwai ƙwayar da ke jin lilon hannu ta ƙirga taku, akwai kuma koriyar fitila a bayansu da ke haska fata tana bin gudun jini, da ita ake samun bugun zuciya. Abin da agogon ya ƙara shi ne faffaɗan gilashi, amsa kira, taswira da GPS nasa na kansa, kuma su ne ke cinye batir. Na Apple ko na Samsung kwana ɗaya zuwa biyu yake yi, munduwar Xiaomi ko Huawei kuwa takan kai sati ɗaya zuwa biyu. Da yadda wuta ke ɗaukewa lokacin zafi, kai ma ka san wanda zai kwana a mace cikin aljihun riga. Ga kuɗi: munduwa ba ta kai yuro 50 ba a nan, wato ƙasa da jika 33, sabon agogo kuwa ya haura yuro 200.

In ƙanenmu ya nace sai agogo, ya fara duba wayar da za a haɗa shi da ita. Apple Watch ba ya aiki sai da iPhone, Galaxy Watch kuma tun daga na 4, wanda ya fito a 2021, ba ya kama iPhone.

Wurin haɗa munduwar da waya ake yawan samun matsala. A sauke manhajar kamfanin, Mi Fitness ko Huawei Health, a haɗa ta cikinta, ba ta saitin Bluetooth kai tsaye ba. A sa tsawon Baba da nauyinsa daidai, don da su ake lissafa nisan tafiya. Sannan a shiga saitin batir a ba manhajar izinin aiki a ɓoye, domin wayoyi irin su Tecno da Itel sukan kashe ta don tanadin caji, sai saƙo ya daina shigowa a ɗauka munduwar ce ta lalace.

A ɗaura ta faɗin yatsa ɗaya sama da ƙashin wuyan hannu, ta kama fata ba tare da matsewa ba. In ta yi sako-sako hasken rana ya shiga ƙarƙashi, awon ya rikice. Kada ku yarda da ƙirgen taku ɗari bisa ɗari: jijjigar kabu-kabu a hanyar laterit tana ƙara shi, kuma in Inna ta ara ta shiga daka, za ta rubuta mata tafiyar da ba ta yi ba. Lambar 5 ATM, wato ma'aunin jure ruwa na munduwar, na nufin ruwan alwala ba ya yi mata komai, amma a tura ta sama ruwa ya taɓa fata, a kuma goge ƙarƙashin robar, don zufa da ƙura na kawo ƙaiƙayi. Sabulu da ruwan zafi suna cin abin da ke hana ruwa shiga cikinta. Zafi ma haka. Apple da kansa ya ce agogonsa ya fi aiki tsakanin digiri 0 zuwa 35, Tawa kuwa tana wuce 40 a watan Afrilu. Mai tsayawa bakin wutar gashin raguna yau ya cire nasa tukuna.

Abin da ya fi damuna shi ne na bogi da ke cika kasuwa, masu cewa suna auna sukari da hawan jini. A Fabrairun 2024 hukumar FDA mai kula da abinci da magunguna ta Amurka ta yi gargaɗi kada a dogara da agogo ko zobe da ke iƙirarin auna sukari ba tare da huda fata ba. Ko na Samsung mai nuna hawan jini sai an daidaita shi da na'urar awon hawan jini ta dantse duk sati 4. Saboda haka na'urar Baba ta dantse tana nan daram, kuma kada ya rage magani don wata lamba da ya gani a hannunsa.

Kafin a biya kuɗi a gwada: ka ƙirga bugun jijiyarka na daƙiƙa 30 ka ninka biyu, ka kwatanta, sannan ka yi sassarfa kaɗan ka sake dubawa. In lambar ba ta hau ba, ka mayar wa mai shago kayansa. A sayi igiyar caji guda biyu, don bakinta na maganaɗisu ne kuma ba kowace igiya ke kama kowane samfuri ba.

Ka turo mini sunan wayar Baba kafin a saya. A gaida yara, a ce musu goron Sallarsu na hannun Inna.

Wassalam,
ƙanenka.