Rahoton ayyukan 2025 ga 'yan ƙungiyarmu ta ɗaliban zane da ƙira a Jidda

Assalamu alaikum warahmatullah. Iyayenmu, malamanmu da 'yan uwa ɗalibai, ga abin da ƙungiya ta gudanar a 2025, shekarar da Ma'aikatar Al'adu ta Saudiyya ta ware wa sana'o'in hannu.

Fitarmu ta farko ita ce zuwa baje kolin fasahar Musulunci da ake yi duk bayan shekara biyu a tashar alhazai ta filin jirgin Sarki Abdul'aziz. Wannan ne karo na biyu bayan na 2023. An buɗe ranar 25 ga Janairu, aka rufe 25 ga Mayu. Gaskiya yawancinmu Kiswa ce ta kai mu, domin ba a taɓa nuna rigar Ka'aba gaba ɗayanta a wajen Makka ba sai wannan karon. Mai ɗawafi ba ya samun sukunin tsayawa ya ƙura wa ɗinki ido. Can kuwa mun tsaya son ranmu, muka ga yadda ake cusa auduga ƙarƙashin haruffa kafin a lulluɓe su da zaren azurfa mai ruwan zinariya, shi ya sa rubutun yake tasowa. Masu koyon ɗinki da ƙyar aka janye su.

A watan azumi muka shiga tsohon garin Jidda, wato Balad, wanda UNESCO ta saka cikin wuraren tarihi na duniya a 2014, muka yi ta zana tagogin katakon nan da ake kira rawashin. Daga nan aikin da ya fi kowane kyau a bana ya fito. Wata 'yar uwa mai karatun tsara cikin gida ta ɗauki tsarin taga ɗaya, ta cire furannin da aka saba sassaƙawa, ta saka dagi a gurbinsu. Iska na shiga, na ciki yana ganin na waje ba a gan shi ba, amma duk Bahaushen da ya kalle ta ya san daga ina hannun ya fito. Wani ɗan uwa kuma ya kwashe aska takwas daga wuyan babbar riga ya mai da ita tambarin shagon kawunsa a Shara Mansur da ke Makka.

Ina ganin nan ne ƙarfinmu yake. Waɗanda suka kwaikwayi zanen bango na matan yankin Asir da ke kudancin Saudiyya sun yi ƙoƙari, sai dai 'yan ƙasa sun fi mu saninsa, daga kakanninsu suka gaje shi. Zayyanar allo da rinin shuni irin na Kofar Mata kuwa, a ajinmu ba mai su sai mu.

Namu baje kolin mun yi shi a wata istiraha, wato gidan shaƙatawa, da muka kama haya bayan zafi ya sauka. Iyaye sun zo, har da waɗanda da farko suka ce zanen mutum-mutumi za mu koyo. Da suka ga rubutun Larabci da ƙirar kaya sai hankali ya kwanta. An sayi jakunkuna da katunan gayyatar biki. Danshin Jidda ya lanƙwasa wasu zanen da aka kafa ba gilashi, saboda haka daga yanzu ba za a karɓi aikin takarda ba sai an saka shi a firam.

Abu biyu suka rage mana. Da yawa ba su ɗauki hoton ayyukansu da kyau ba, alhali duk inda za ka nemi aiki ko ƙarin karatu kundin ayyukanka za a fara tambaya. Sannan kuɗin wata-wata ya yi ƙasa, har sai da wasu iyaye suka cika kuɗin haya, Allah ya saka musu da alheri. Ma'aji zai karanta lissafi a zama mai zuwa, kuma kowa ya zo da hotunan aikinsa a waya domin mu fara haɗa kundin.

Wassalam,
Sakatare