Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Ɗalibar Da Ta Tambaye Ni Kan Motocin Bas Masu Lantarki A Jami'a

Assalamu alaikum, 'yata.

A taron ƙara wa juna sani da aka yi kan zirga-zirga a harabar jami'a, kin miƙe a gaban jama'a kin tambaye ni cewa, tunda kowa ya yarda hayaƙin motoci yana cutar da muhalli, me ya hana jami'o'i su rabu da tsofaffin motocin bas ɗinsu na dizal su sayo masu amfani da lantarki, kowa ya huta? A ranar lokaci ya ƙure, na ba ki amsar da ni kaina ban gamsu da ita ba. Tunda a fili kika yi tambayar, na ga ya dace in rubuto miki amsar a fili.

Ina goyon bayan motar bas mai lantarki, amma a wurina ita ce ta uku a jerin abubuwan da ke sa sufurin jami'a ya ɗore. Abin da ke gabanta shi ne motar ta riƙa zuwa akai-akai tana cika da mutane, sannan a san inda kuɗin tafiyar da ita zai riƙa fitowa kowace shekara.

Ki ba ni dama mu yi ɗan lissafi. Duk litar dizal da aka ƙona tana sakin iskar kabon da ta kai kusan kilo 2.6, ta fetur kuma kusan kilo 2.3. A ɗauka babbar bas tana shan lita 40 ta dizal a tafiyar kilomita 100, ƙaramar mota kuma tana shan lita 8 ta fetur. Bas ɗin ta saki kilo 104 ke nan, ƙaramar motar kuma kilo 18 da ɗoriya. Idan mutum uku ne kawai a cikin bas ɗin, rabon kowannensu na hayaƙi ya fi na wanda ya tuƙo motarsa shi kaɗai, kuma sai fasinjoji sun kai shida kafin a yi kunnen doki. Idan kuwa mutum 50 ta ɗauko, rabon kowa bai wuce kilo biyu da kaɗan ba. Inji ɗaya ne, mai ɗaya ne, yawan mutanen da ke ciki ne ya bambanta sakamakon. Saboda haka tsohuwar bas ta dizal da ke tafe maƙil da ɗalibai ta fi amfanar muhalli a kan sabuwa fil mai batir da ke zagaye harabar babu kowa, alhali waɗanda ya kamata su hau ta suna bin ta a baya cikin motocinsu da baburansu.

To, me ke cika bas? Ɗalibin da ke da lacca ƙarfe takwas ba ya tambayar irin injin da ke cikin mota, abin da ke ransa shi ne ko zai isa kafin malami ya rufe ƙofa. Idan ya san cewa duk lokacin da ya tsaya a tasha ba zai wuce minti biyar ko goma ba mota za ta zo, zai daina duba jadawali, ya daina tunanin wata hanya. Idan kuma aka bar shi a rana minti arba'in sau biyu ko uku, to an rasa shi, kuma dawo da shi sai an sha wuya. Lissafin nan ma mai sauƙi ne: hanyar da ke cin minti 30 zuwa da dawowa tana buƙatar motoci uku kafin a samu ɗaya duk minti goma, shida kuma kafin a samu ɗaya duk minti biyar. Bas mai lantarki ta fi ta dizal tsada wajen saye, ban da kuɗin kafa wurin caji. Jami'ar da ta kashe duk abin da ta ware wajen sayen biyu masu batir a maimakon ukun da hanyar ke buƙata, za ta samu hoto mai kyau a ranar ƙaddamarwa, washegari kuma layi ya ninka a tasha.

Sufurin jami'a yana da wata ɗabi'a da ta bambanta shi da na cikin gari, wadda masu sayen motoci suka cika mantawa da ita. Ɗalibai suna fitowa ne a lokaci guda, domin laccoci suna ƙarewa tare, sai tasha ta cika maƙil na minti goma sha biyar, sannan ta zama kufai har zuwa ƙarshen lacca ta gaba. Bas ɗin da ta fara isowa takan daɗe tana lodi, ta makara, ta tarar da ƙarin mutane a tasha ta gaba, ta bayanta kuma da ba ta samu kowa ba ta cim mata, sai ki ga motoci biyu ko uku sun iso a jere bayan dogon jira. Maganin wannan ba ya wurin mai sayar da motoci. Ofishin da ke tsara jadawalin laccoci yana iya karkasa lokutan farawa tsakanin tsangayoyi da minti goma ko sha biyar, a riƙa buɗe ƙofar gaba da ta baya wajen shiga, a daina karɓar kuɗi da ba da canji a bakin ƙofa. Birnin Curitiba na ƙasar Brazil, wanda ya fara ware wa motocin bas hanyarsu ta musamman a 1974, ya yi suna ne da irin waɗannan dabaru tun kafin a fara zancen batir, har da biyan kuɗi a tasha kafin mota ta iso.

Batun kuɗi ne ke kashe yawancin irin waɗannan tsare-tsare, domin sayen mota sau ɗaya ake yi, amma albashin direba da makaniki da tayoyi da kayan gyara kullum ne. Jami'o'in da nasu ya ɗore sun samo hanyar kuɗin da ba ta dogara da halin shugaban da ke kan kujera ba. A Jamus, tun 1991 aka fara a birnin Darmstadt tsarin da kowane ɗalibi ke biyan wani abu tare da kuɗin rajistar zango, katinsa na ɗalibi ya zama tikitin hawa motocin gari. A shekarar ce kuma Jami'ar Washington da ke Seattle a Amurka ta fara nata katin mai suna U-PASS. A Davis ta jihar California kuwa, ɗalibai ne da kansu suka kafa tsarin sufurin bas mai suna Unitrans a 1968 da tsofaffin motocin bas masu hawa biyu da aka sayo daga Landan, kuma har yau ɗalibai ne ke tuƙa motocin. Abin da ya fi burge ni a waɗannan misalai shi ne yadda suka haɗa harabar da gari, domin ɗalibin da ke zaune a wajen makaranta ba zai ajiye motarsa a gida ba idan bas ɗin jami'a a bakin ƙofa take tsayawa.

Kada kuma ki ɗauka mayar da hawa kyauta shi kaɗai ya wadatar. Birnin Tallinn na ƙasar Estoniya ya yafe wa mazaunansa kuɗin mota a 2013, fasinjoji sun ƙaru, amma da yawa daga cikin sababbin masu hawan mutane ne da a da suke tafiya a ƙafa, masu motoci kuwa ba su ragu sosai ba. Muddin jami'a tana shimfiɗa faffaɗan filin ajiye motoci kyauta a gindin kowane gini, to da hannunta take yi wa bas ɗinta kishiya. Na san wannan magana ba ta yi wa 'yan'uwana malamai daɗi, ni ma ina cikin masu cin moriyar filin.

Idan an gyara waɗannan, to harabar jami'a tana cikin wuraren da suka fi dacewa da bas mai lantarki. Hanyoyinta gajeru ne kuma sanannu, gudun kaɗan ne, yawan tsayawa da taka birki yana mayar wa batir da ɗan caji, motocin kuma suna kwana wuri ɗaya inda za a jona su. Babu ƙara a kusa da ɗakin karatu, babu hayaƙi a fuskar masu jira. Birnin Shenzhen na ƙasar Sin ya kammala mayar da motocin bas ɗinsa sama da 16,000 masu lantarki a ƙarshen 2017, don haka fasahar ta wuce matakin gwaji. Sai dai a tambayi daga ina wutar cajin za ta fito, domin bas ɗin da ake caji da janareta mai shan dizal ta kwashe hayaƙinta ne kawai ta kai bayan gareji. A kuma tambayi wanda zai sauya batir idan ƙarfinsa ya ragu bayan wasu shekaru, da ko an horar da makanikan jami'ar a kan irin wannan mota. Shawarata ita ce a riƙa sauyawa ɗaya bayan ɗaya, duk wadda ta tsufa a maye gurbinta da mai batir mai ƙasan bene da keken guragu zai iya shiga, ba tare da an rage yawan motocin da ke kan hanya ba.

Kin ce kina cikin kwamitin ɗalibai da zai gana da hukumar jami'arku a kan wannan batu. Kafin ranar ganawar, ki samu abokan karatunki ku raba kanku a tashoshin da suka fi cunkoso na tsawon mako guda, ku riƙa rubuta lokacin da kowace bas ta iso, da yawan waɗanda suka hau, da yawan waɗanda aka bari a ƙasa. Da wannan takarda za ku shiga ɗakin taron, kuma zan so ki aiko mini da kwafinta in gani.

Allah Ya yi wa karatunki albarka.

Malaminki a fannin tsara sufuri.