Kafin ka zargi fim, ɗaga nagatif ka duba gefensa

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Dan Allah a ba ni ɗan fili in yi magana da 'yan'uwa masu ɗaukar hoto da fim fari da baƙi suna wankewa da kansu a gida. Wallahi abin na min ciwo, mutum zai ɓata fim ɗaya ko biyu kawai sai ka ji ya ce ai fim ɗin ne ya lalace ko maganin wankin jabu ne, ya tattara kayan ya jefa lungu, alhali yawancin tabon nan nagatif ɗin da kansa, wato fim ɗin bayan an wanke shi, zai nuna maka daga inda ya fito.

Ni abin da nake fara dubawa shi ne rubutun gefen fim, wato sunansa kamar HP5 ko Tri-X da lambobin nan. Kamfani ne ya haska shi tun a masana'anta. In fim ya fito fes ba hoto amma rubutun nan ya fito baƙi sosai, to wankinka lafiya lau, kamara ce ba ta ja fim ba ko haske bai shiga ba. In kuwa har rubutun babu, ko dai dibelofa (maganin da ke fito da hoto) ta mutu ko ka riga zuba fiksa (maganin da ke tabbatar da hoton ya zauna) kafin ita, wannan kam sai haƙuri.

Wanda ya fi ba ni wahala shi ne wasu ƙananan ɗigo zagaye kamar kan allura, a nagatif suna da haske, in an buga hoto sai su koma baƙi a fuskar mutum ko a sararin sama. Na canja magani na canja fim ba su daina ba, ashe kumfar iska ce take maƙalewa a jikin fim ta hana magani taɓa wurin. Yanzu duk juyin da na yi wa tankin da ake wanke fim a ciki sai na ɗan buga gindinsa a tebur sau biyu ko uku, tun daga nan ban ƙara ganinsu ba.

Sai fim da zai fito da hazo kamar an shafa masa madara. Kar ka yar da shi! Fiksa ce ba ta gama aikinta ba, ka mai da shi cikin sabuwa ka sake ɗaurayewa, yawanci yana washewa. Gwajin ma ba wuya, yanki ɗan bakin fim ka tsoma a fiksa ka ƙirga lokacin da zai washe, sai ka ba fim ɗinka ninki biyu na lokacin nan.

Tabo mai kama da jinjirin wata kuma hannunka ne, ka lanƙwasa fim wajen naɗa shi a ril (abin da ake naɗe fim a kai kafin a sa shi a tanki) cikin duhu, musamman in ril ɗin da danshi sai ya riƙa cijewa kana turawa da ƙarfi. In ka ga layi-layi na gangarowa daga ramukan gefe, duba yadda kake juya tanki, ko ka cika jijjigawa ko ka bar shi zaune da yawa. In gefe ɗaya ya fi haske tun daga farkon fim har ƙarshe, magani ne bai rufe ril ba, tankin Paterson na son mililita 290 a fim 35mm guda.

Ruwa ma a kula da shi fa. Yawancin mintunan wanki da ake rubutawa a takardar magani na ruwa mai zafin digiri 20 na Selsiyas ne, kuma in ka fitar da fim daga magani mai ɗumi ka kwara masa ruwa mai sanyi ƙwarai zai iya yamutsewa kamar fatar kada. Farin tabon bushewa kuwa gishirin da ke cikin ruwa ne, ɗauraya ta ƙarshe ka yi ta da tataccen ruwa irin na batir ka sa Photo-Flo, maganin da ke sa ruwa ya tsiyaye ba tabo, kaɗan, kashi 1 cikin 200, ka rataye shi inda ba ƙura, kar ka sa yatsa ko tsumma ka ce za ka tsane shi don jiƙaƙƙen fim bai da wuyar karcewa.

Na gode da wannan fili.

Naka,
Wani mai wankin hoto a gida