Ba zafi kaɗai ke kawo sanƙarau ba

Malam Edita, assalamu alaikum.

Shirinku na lafiya na rediyo na daren Talata a kan sanƙarau ya ɓata mini rai matuƙa. Rabin awa likitanku yana nanata zafin bazara da cunkoson ɗaki da buɗe taga. Ya kawo annobar 1996, ya kawo ta Zamfara ta 2017. Duk gaskiya ne. Amma ko sau ɗaya bai ambaci kunne ba!

Ni 'yata a tsakiyar damina sanƙarau ya kama ta, tana da shekara huɗu. Wata biyu kunnenta na dama yana zubar da mugunya, kullum matashin kai da tabo, ga wari. Kakarta ta ce a ɗiga man kaɗe, mai kemis ya ba mu na ɗigawa, uwar tana toshewa da auduga. Kowa cewa yake ai ciwon kunne na yara ne. Ran da mugunyar ta tsaya har hamdala muka yi. Bayan kwana uku sai bayan kunnen ya kumbura, jiki ya yi zafi rau, ga amai, ana ɗaga labule ta runtse ido. Na tallabo kanta zan ba ta ruwa, wuya ya ƙi lanƙwasa, ta ƙwalla ƙarar da har yau nake ji.

A asibiti aka ɗebi ruwa a gadon bayanta, ya fito gurɓatacce. Likita ya ce ƙashi ne siriri tsakanin cikin kunne da ƙwaƙwalwa, ta nan cutar ta ratsa, kuma mugunyar da ke taruwa a kogon hanci da goshi ita ma tana yin haka. Na ce ai an yi mata allurar sanƙarau. Ya ce wannan wata ƙwaya ce daban, irin mai kawo nimoniya, rigakafinta a sati 6 da 10 da 14 ake yi wa jariri. Mu sau ɗaya kawai muka kai ta.

Sati biyu ana yi mata allura ta jijiya. Allah ya tashi kafaɗarta, amma kunnen ya tafi. In na kira ta daga dama ba ta waiwayowa.

Uba nawa ne suka kashe rediyo ranar suna cewa tunda damina ta sauka sun tsira? Ku dawo da likitan ya yi bayanin kunne, don Allah.

Sannan layin wayarku, sau tara na kira, kullum muryoyin mutum huɗun nan muke ji. Su kaɗai ke da kati?

Mai sauraronku,
daga Gusau.