Ginin da ke motsi a duniyar intanet ba a zana shi kamar ginin ƙasa

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Muna neman ɗan fili mu ja hankalin ɗaliban zanen gine-gine, irin na Jami'ar Ahmadu Bello da na Bayero, kan wani fanni da ya fi shekara 20 ana aiki a cikinsa: ginin da ke cikin duniyar kwamfuta wanda yake gane shigowar mutum, ya buɗe, ya faɗaɗa, ko ya sauya fasali. Fagen da ya fi shahara da wannan shi ne Second Life, wanda kamfanin Linden Lab na Amurka ya buɗe a 2003. A can ne wani mai zanen gini, Jon Brouchoud, ya yi gwaje-gwajen bangon da ke kaucewa idan mutum ya nufo shi.

Kuskuren da sabon shiga ya fi yi shi ne ya kwashe awon ginin ƙasa ya kai can. Mai shiga wannan duniya yana ganin mutum-mutuminsa ne ta baya, kyamarar tana ɗan sama da kansa. Idan ka yi rufi mai tsayin mita 3 kamar na ɗakin gida, kyamarar za ta maƙale a rufin, mai shiga ya riƙa ganin bayan kwano maimakon ɗaki. Shi ya sa gwanayen wurin suke kai rufi mita 4 zuwa 5, su faɗaɗa ƙofa da lungu. Matattakala mai kwana-kwana ma wahala ce kawai. Gara gangara, ko a shimfiɗa wata gangarar da ba a gani a bisa matakan.

Sai batun ƙofa, wadda ita ce darasin farko. Kowane tubali a wurin, wanda suke kira firim, yana juyawa ne a kan tsakiyarsa. Ka sa wa ƙyaure umarnin buɗewa haka kawai, sai ka ga yana wulwulawa kamar farfelar fanka. Maganin shi ne a yanke rabin tubalin da awon yanka, daga 0.125 zuwa 0.625. Tsakiyar tana nan inda take, amma yanzu ta koma gefen abin da ido ke gani, sai ƙyauren ya juya kamar mai hinjis.

Inda aikin ya fi lalacewa shi ne wajen sa gini ya gane mutum. Kowane yanki na Second Life faɗinsa mita 256 ne, tsawonsa ma haka, kuma kwamfuta ce ke riƙe da shi, tana sabunta lissafinsa sau 45 a kowace daƙiƙa. Duk umarnin da aka rubuta cikin LSL, harshen ba tubalan wurin umarni, a wannan ɗan lokaci yake cin rabonsa. To, mutum ya gina bango mai fale-fale 100, ya sa wa kowane falle nasa umarnin llSensorRepeat yana laluben mutanen da ke kusa sau goma a daƙiƙa. Lalube dubu ke nan, don ganin mutum ɗaya da ke tafe. Ƙofofi su fara jinkirin buɗewa, maƙwabta su fara ƙorafi, mai gini kuwa ya ɗora laifin a kan intanet ɗinsa, alhali shi ya jawo.

Abin da ya dace shi ne a haɗe fale-falen su zama abu guda, domin ana iya haɗa tubali har 256. A sa mai lalube ɗaya tak a uwar tubalin, wato tubalin da sauran ke haɗe da shi, yana dubawa sau ɗaya a daƙiƙa, shi ne zai lissafa nisan mutum da kowane falle ya motsa su da llSetLinkPrimitiveParamsFast. A guji tsohon umarnin llSetPrimitiveParams, saboda yana tsayar da aiki na kashi biyu cikin goma na daƙiƙa duk lokacin da aka kira shi. Bango mai fale-fale 50 sai ya ɗauki daƙiƙa 10, mutumin ya riga ya wuce. A kuma sani cewa mai lalube ba ya wuce mita 96, ba ya kuma ƙirga fiye da mutum 32 mafi kusa. Zauren taro mai cin mutum 40 ba zai dogara da shi ba.

Mai lalube kuma bai san bango ba. Wani yana wucewa ta bayan ginin, ƙofar gaba ta buɗe. Don haka a bakin ƙofa gara a ajiye tubalin da ba a gani mai umarnin llVolumeDetect, wanda sai an ratsa shi yake aiki. Amma kada a kuskura a haɗa shi da ginin. Umarnin yana mayar da duk abin da aka haɗa ya zama kamar iska, baƙi su faɗo daga bene.

Ga ɗalibin da kuɗin data ke damu, akwai OpenSimulator, fage irin na Second Life wanda aka fara a 2007, kyauta ne, kuma yawancin umarnin LSL suna aiki a cikinsa. Ana girka shi a kwamfutar tafi-da-gidanka, a shiga da manhajar Firestorm irin ta OpenSim, a yi ta gwaji ba tare da intanet ba. Muna ba malamai shawara su fara da ɗaki guda: rufi mita 4 da rabi, ƙofa ɗaya mai buɗe kanta, bango ɗaya mai ja da baya idan mutanen ciki sun haura biyar.

Wassalam,
Wasu masu koyar da zanen gini a kwamfuta, Zariya