Zuwa ga Babana, kan maganar sauya makaranta

Assalamu alaikum.

Babana, bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana cikin ƙoshin lafiya kamar yadda muke a nan. Hajiya ta ji sauƙin ƙafar, har tana zagaya tsakar gida babu sanda. Ummanka da ƙannenka duk suna gaishe ka.

Na rubuto ne saboda a waya ba ka bari in kai ƙarshen magana. Daga "to Baba, to Baba", sai ka ce motar filin jirgi na jiranku. Wani zance ne ya iso mini ta bakin yayanka, shi ma sai da na tsare shi ya faɗa. Wai idan kakar ƙwallon kwando ta bana ta ƙare a jami'arku ta Amurka za ka sa sunanka a rajistar 'yan wasa masu neman sauya makaranta, domin wani ya ce maka akwai inda za a fi sa ka a wasa, kuma za a fi ba ka kuɗi. Kada ka ga laifin yayanka. Maganar da ta kai wannan girma daga bakinka ya kamata in fara jin ta.

Kada ka ɗauka tsohon nan bai san abin da ke gudana ba. Na zaunar da ƙanwarka da wayarta, muka bi labarin tun daga tushe. Lokacin da na sa hannu a takardunka, rukunin jami'o'in da kuke gasa a cikinsa Pac-12 ne, rukunin da asalinsa ya faro tun 1915, jami'o'i goma sha biyu duk a yammacin Amurka. Jami'o'in USC da UCLA suka fara cewa za su koma rukunin Big Ten a Yunin 2022. A 2023 Colorado ta kama hanyar rukunin Big 12, sannan ranar 4 ga Agusta, rana ɗaya tak, Oregon da Washington suka bi sahun Big Ten, Arizona da Arizona State da Utah kuma suka bi Colorado. Stanford da California suka rasa mafaka, suka faɗa ACC, rukunin da sunansa ma na gaɓar tekun Atlantika ne, alhali su suna bakin Fasifik. Aka bar Oregon State da Washington State su biyu a kango. Sauya sheƙa ce irin wadda 'yan siyasarmu ke yi ana gab da zaɓe, kowa da daɗin bakinsa, dalilin kuwa ɗaya ne. Big Ten ta ƙulla yarjejeniyar talabijin da Fox da CBS da NBC ta sama da dala biliyan 7 a shekara bakwai, Pac-12 kuma ta kasa samo ko kusa da haka. Kuma kuɗin nan ba don ƙwallon kwandonku aka zuba shi ba. Don waccan ƙwallon tasu ce mai hular kwano, wadda ake bugawa sau ɗaya a mako. Ku da kuke buga biyu a mako, har da tsakiyar mako ranar aji, jan ku kawai aka yi.

Makarantarku na cikin waɗanda suka tafi Big Ten, ba kuma wanda ya nemi shawararka ko tawa. Yanzu rukunin da ake kira da sunan goma jami'a goma sha takwas ne a cikinsa. Don ku buga wasa ɗaya da Rutgers a New Jersey sai kun ci kusan kilomita 4,000. Ya fi Kano zuwa Jidda nisa, tafiyar da mutum ke shekaru yana tarin guzirinta, a yi masa rakiya har da hawaye. Kai kuma ka je ka dawo, wai gobe ka shiga jarrabawa. Ummanka ta daina gane lokacin kiranka. Ta saba awa tara ce tsakaninmu, sai ta kira ta tarar yau shida ce, kana wani garin. Ran nan da ka ɗauka ta bidiyo ina bayanta ina kallo: kana zaune a ƙasa a filin jirgi, ka jingina da jaka, kwamfuta a cinya, idanunka jawur, kana ce mata aikin aji kake ƙarasawa. Ta ajiye wayar ba ta ce komai ba, ta shiga ɗaki. Na san addini ya yi wa matafiyi rangwame, ya yi ƙasaru, ya ajiye azumi ya rama. Amma wanda kullum a hanya yake, yaushe zai rama? Wannan na bar ka da Ubangijinka, na san tarbiyyar da na yi maka.

Abin da ke hana ni barci daban ne. Ina tsoron ka dawo gidan nan babu takarda. Tsorona ke nan, Babana, ya fi mini tsoron karaya, ya fi mini tsoron a ce ba ka yi suna ba. Saura maka shekara ɗaya ka karɓi digiri. Idan ka sauya makaranta ba dole ba ne sabuwar ta karɓi duk darussan da ka ci, sai ka ga shekara ɗaya ta koma biyu, alhali shekarun da aka yarda ka yi wasa ƙidayayyu ne. Ranar da suka ƙare, wa zai biya maka sauran? Ka kuma sani da zarar sunanka ya shiga rajistar nan, makarantarka na da ikon yanke tallafinka a ƙarshen zangon, kuma ba duk wanda ya shiga ne ke samun mai ɗaukarsa ba. Ɗan ƙasa idan ya rasa sai ya koma gidan ubansa ya jira. Kai bizarka a jikin makaranta take rataye. A Yulin 2025 ma an mayar da yawancin bizar da suke ba 'yan Najeriya ta wata uku, shiga sau ɗaya. Kuɗin da ake kwaɗaita maka kuwa, gaskiya ne yanzu an yarda jami'a ta raba wa 'yan wasanta har kimanin dala miliyan 20 a shekara, amma mai bizar ɗalibi akwai ƙa'ida mai tsauri a kan kuɗin da zai iya karɓa. Shi mai yi maka alkawarin ya faɗa maka wannan? Dillali ne, la'adarsa yake nema.

Na san za ka kawo mini Hakeem Olajuwon, tun kana yaro shi ne hujjarka. To, Hakeem ya bar Legas ya je Houston, aka ɗauke shi na farko a zaɓen NBA, babbar gasar ƙwararru ta Amurka, a 1984, ya ci kofi a 1994 da 1995. Mutum nawa ne irinsa? Kimanin sittin NBA ke zaɓa a shekara daga duniya baki ɗaya. Shi kansa rukunin da ya buga a cikinsa, Southwest, ya watse tun 1996. Rukuni ya watse, koci ya tafi inda aka fi biyansa, gwiwa ta gaji, kai me za ka riƙe a hannu?

Kana gani da idonka yadda Kawunka ya ƙare, ba sai na maimaita ba. Kuma ka san abin da aka yi a gidan nan kafin ka tafi. Hajiya ta ce ba za ka je ba, Baffanka ya daina yi mini magana har sallah ta wuce. Ni kaɗai na tsaya, na ce yaron nan karatu zai je yi, ƙwallo abin hawa ce kawai. Filin bayan gari ya tafi, ban waiwaye shi ba. Ba gori nake maka ba, amma ba zan yarda ka mayar da ni maƙaryaci a gaban mahaifiyata ba. Idan shugabannin jami'a masu furfura sun watsar da zumuncin shekara ɗari don kuɗin talabijin, su ta shafa. Kai ba a gidan da ake yin haka aka haife ka ba. Kwaɗayi mabuɗin wahala ne, kuma ka sani.

Na san kana shan wuya. Na san zama a benci bayan wannan doguwar tafiya akwai ciwo, ba kuma ka taɓa kawo mana ƙorafi ba. Allah ya yi maka albarka. Ban ce kada ka yi burin gaba ba. Karɓi digirinka tukuna, in ya so ka je duk inda ka ga dama, ni zan fara sa maka albarka.

Kafin ka sa hannu a kowace takarda, ka je ofishin ɗaliban ƙasashen waje ka tambaye su matsayin bizarka, ka kuma sa mai ba ka shawara kan karatu ya rubuta maka darussan da suka rage. Ka turo mini su tare da sakamakon zangon da ya wuce, na gaske, ba wanda za ka karanto mini a waya ba. Ka kira ni ranar Juma'a bayan an sauko, ko kana wane gari ne. Ummanka ta ce in tambaye ka ko yajin da ta aika ya iso.

Wassalam.

Mahaifinka.